Ciwon tsananin damuwa: ire-irensa, alamominsa da abin da ake zaton yana kawo shi

A farkon watan Janairun 2023 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ita ce ta maye gurbin dokar 1958 da Najeriya ta gada daga Turawan mulkin mallaka, wadda kusan duk abin da ta sani game da mai lalurar ƙwaƙwalwa shi ne yadda za a kama shi a tsare. Daga lokacin zuwa yau maganar ciwon tsananin damuwa ta cika gidajen rediyo da Facebook da TikTok, amma yawan maganar bai rage ruɗanin ba. Ɗalibin da ya faɗi jarabawa jiya, yau zai ce ciwon ne ya kama shi. Wata kuma ta shekara ba ta samun barci, ta rame ta lalace, a gidansu ana cewa shagwaɓa ce da rashin haƙuri. Wannan ya ce aljanu ne, wancan ya ce raunin imani ne, likita ya ce ciwo ne da ake magani.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 280 ne ke fama da shi a duniya, ciki har da kimanin kashi 5 cikin 100 na manya, kuma duk inda aka samu maza 2 masu shi za a samu mata kamar 3. A ƙiyasinta na 2017 ta ce a Najeriya kaɗai sun haura miliyan 7.

Ina baƙin ciki ya tsaya, ina ciwo ya fara?

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da zai nuna wannan ciwo. Likita da tambaya yake gano shi, yana bin ƙa'idojin da ke cikin kundaye biyu: DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a 2013, da ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 2022. Suna da ɗan saɓani nan da can, amma ginshiƙinsu ɗaya ne.

Alamomi biyu ne a kan gaba, kuma a ƙa'idar DSM-5 dole a samu aƙalla ɗaya daga cikinsu. Ta farko ƙuncin zuciya da ke wuni da mutum kusan kullum. Ta biyu gushewar sha'awa: abin da a da yake faranta wa mutum rai, yanzu ba ya jin komai game da shi. Wannan ta biyun ita ce mutane suka fi kasa ganewa, domin mai ita ba lallai ne a gan shi yana kuka ba. Matar da a da ba a biki ko suna a unguwa sai da ita, yanzu ko sallama ta ji sai ta shige ɗaki. Magidancin da ba ya fashin majalisa ya daina fita, ƙungiyar ƙwallonsa ta ci ko an ci ta duk ɗaya ne a wurinsa.

Sauran bakwai ɗin suna biyo baya. Barci ya lalace, ko ya ƙi zuwa, ko mutum ya farka tun ƙarfe uku na dare ya zauna ido biyu har assalatu, ko kuma ya yi ta barcin da ba ya wartsakarwa. Abinci ya fita daga rai har a rame, wasu kuma akasin haka, su yi ta ci. Gajiya ba tare da an yi aikin komai ba. Jiki ya yi sanyi, magana da tafiya su yi nauyi har na kusa su lura, ko kuma mutum ya kasa zama wuri ɗaya. Hankali ya ƙi tattaruwa: mai shago ya riƙa ɓata lissafin canji, mai salla ya kasa tuna raka'a nawa ya yi. Sai ganin kai ba shi da wani amfani, da ɗora wa kai laifin da bai kai ya kawo ba. Ta ƙarshe ita ce yawan tunanin mutuwa, ko na kashe kai.

Idan 5 daga cikin 9 ɗin nan suka haɗu, suka kai mako 2 ba sa ɗagawa, kuma suka hana mutum sana'arsa ko karatunsa ko kula da gidansa, shi ne ake kira babban ciwon damuwa. Ma'aunin ke nan: daɗewa, da yawan alamomi, da tsayar da rayuwa. Ɗalibin da ya faɗi jarabawa ya yi kwana uku yana ƙunci, ranar ta huɗu aka gan shi a filin ƙwallo, ransa ne ya ɓaci, ba ciwo ne ya kama shi ba.

Shekaru da jinsi suna sauya kamanninsa. A wurin maza da yawa da faɗa yake fitowa, da saurin hasala a kan abin da bai taka kara ya karya ba, wani lokaci da shaye-shaye. Yara da matasa kan nuna shi da fushi da ƙin makaranta da ciwon cikin da ba a gano dalilinsa. Tsofaffi kuwa mantuwa ce ke fitowa fili, sai a ce ruɗewar tsufa ce, a bar su haka.

Ta jiki yake shigowa asibiti

Da wuya mai wannan ciwo ya zauna gaban likita ya ce zuciyarsa ce a ƙuntace. Abin da za a ji shi ne: "Likita, kaina kamar an ɗora mini dutse." Ko: "Tsakiyar kaina zafi take yi." Ko wani abu na yawo a jiki, ƙirji na bugawa, gaɓoɓi duk a mace. Kafin ta zo asibiti, mace irin wannan ta sha maganin maleriya a kemis, an ce taifot ne an yi mata allurai, an ce olsa ce ta daina cin yaji, an yi ƙarin ruwa, an kashe kuɗin da ba a da su. Kowane gwaji ya nuna lafiya lau. Ba a tambaye ta yaya barcinta yake ba, balle yaya zamanta da mijinta.

An daɗe ana cewa wannan ɗabi'ar 'yan Afirka ce. Wani bincike da aka gudanar ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙasashe 14, ciki har da cibiya a Ibadan, wanda aka buga a 1999, ya nuna abin ya fi haka faɗi: kashi 69 cikin 100 na masu ciwon da suka zo ƙananan asibitoci da ƙorafin jiki kaɗai suka zo. Abin lura a binciken shi ne, an fi samun haka a wuraren da mara lafiya ba shi da tsayayyen likitan da ya saba da shi. Wanda ya bi dogon layi ya samu minti biyar da baƙon likita, abin da yake ganin aikin likita ne zai faɗa. Ciwon kan kuma ba ƙarya ba ne, da gaske yake jin sa.

Ba iri ɗaya ba ne

Babban ciwon damuwa da aka bayyana a sama yana da matakai: mai sauƙi, matsakaici, da mai tsanani. Yakan zo ya yi watanni ya lafa, kuma kusan rabin waɗanda ya taɓa kamawa sau ɗaya yakan sake dawo musu. Idan ya yi tsanani ƙwarai yakan haɗu da gushewar hankali. Mutum ya riƙa jin muryoyi suna zagin sa, ko ya haƙiƙance cewa cikinsa ya ruɓe, ko ya aikata zunubin da ba za a taɓa yafe masa ba. A wannan matakin ne iyali suka fi karkata ga zancen aljanu.

Akwai kuma mai daɗewa, wanda bai kai wancan zafi ba amma ba ya saki. Ƙa'idarsa shekara 2 ga manya, shekara 1 ga yara. Mai shi yana zuwa aiki, yana cefane, yana gaisawa da mutane, amma ya manta rabon da ya ji daɗin wani abu. Saboda daɗewar sai a mai da shi hali: "Ai haka yake, ba ya fara'a."

Na lokacin ciki da jego shi ya fi cancanta a tsaya a kansa, domin a nan abubuwa uku ne ake cakuɗawa. Na farko, yawancin masu jego kan shiga wani yanayi kwana biyu zuwa biyar bayan haihuwa, kuka ba dalili da saurin ɓacin rai. Wannan kafin mako 2 ya wuce da kansa, hutu da kulawa kawai yake so. Na biyu shi ne ciwon damuwa na haƙiƙa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kama fiye da mace 1 cikin 10 a lokacin ciki ko bayan haihuwa. Ga gida cike da 'yan barka, ga kunun kanwa, ga ruwan wanka a kan wuta, amma mai jego tana kallon jaririn ba ta jin komai, ko tana jin tsoron kada wani abu ya same shi a hannunta, ko tana ganin ba ta cancanci zama uwa ba. Ba za ta faɗa ba, don wa zai ji mace ta ce ba ta murna da kyautar da Allah ya ba ta? Idan haihuwar fari ce ma, kara da kunyar ɗan fari sukan rufe abin ruf, a ɗauka alkunya take yi. Al'adar zuwa wankan gida tana kare mata da yawa, domin akwai uwa a kusa, akwai mai karɓar jariri a samu barci. Haɗarin yakan fito bayan arba'in, lokacin da kowa ya watse ta koma ɗakinta ita kaɗai. Na uku, wanda ake samu a haihuwa 1 zuwa 2 cikin 1000, shi ne ruɗewa gaba ɗaya a makonnin farko: rashin barci, sambatu, gane-gane. Wannan na gaggawa ne, ranar da aka gan shi ranar ake zuwa asibiti, domin rayuwar uwa da ta jariri na cikin haɗari.

Wasu mata kuma ƙunci da fushi mai tsanani ne ke taso musu mako guda kafin jinin al'ada, ya ɗaga da zarar jinin ya zo, kowane wata. A 2013 kundin DSM-5 ya sa shi a matsayin ciwo mai zaman kansa. Akwai na sauyin yanayi, wanda ke zuwa da hunturu a ƙasashen da rana ke ƙaranci kamar Kanada da arewacin Turai. Ba damuwar mazaunin Kano ko Damagaram ba ce sosai, sai dai ɗalibai da ma'aikatanmu da ke can.

Sai wanda likitoci suka ware daban amma dole a ambace shi, wato ciwo mai fuska biyu, bayifola. Mai shi yakan faɗa ƙunci iri ɗaya sak da na babban ciwon damuwa, amma a wani lokacin sai ya haye sama: kwana da kwanaki ba barci kuma ba gajiya, surutu ba tsayawa, rabon kuɗi, manyan tsare-tsaren kasuwanci, jin cewa ya fi kowa. Muhimmancin bambancewa shi ne magani. Idan aka ba mai bayifola maganin damuwa shi kaɗai, yana iya tunzura shi ya haye saman. Shi ya sa likita ke tambayar dangi ko an taɓa ganin mutum a irin wancan yanayi, kuma shi ya sa karɓar maganin wani a sha, ko saye a kemis ba tare da an duba mutum ba, ganganci ne.

Makoki fa?

Nan masana kansu ba su daidaita ba. Kafin 2013 ƙa'idar Amurka ta ce kada a kira baƙin cikin wanda aka yi wa rasuwa ciwo a cikin wata 2 na farko, sai in ya yi muni ƙwarai. DSM-5 ya cire wannan togaciya. Masu goyon baya suka ce rasuwa na iya tayar da ciwon kamar yadda saki ko karayar arziki ke tayar da shi, don haka bai kamata a hana mutum magani don kawai dalilinsa mutuwa ce ba. Masu suka suka ce an buɗe ƙofar mai da makoki cuta da sayar wa masu makoki ƙwayoyi. A aikace likitoci suna duba kamannin abin. Baƙin cikin rashi yana zuwa yana lafawa, yana tashi idan an tuna mamacin, kuma mai shi yana iya murmushi idan aka ba da labarin kirkinsa. Ciwon damuwa ba ya lafawa, kuma yana juya mutum ya tsani kansa. Matar da ta fita takaba bayan wata 4 da kwana 10 tana hawaye idan ta ga rigar mijinta ba mara lafiya ba ce. Wadda ta daina ci, ta daina wanka, tana cewa ita ce ta kashe shi, tana buƙatar a duba ta.

Me ke kawo shi?

Ba a gano dalili guda ɗaya ba, kuma yawancin masana ba sa zaton akwai shi. Abubuwa ne ke taruwa.

Gado yana ciki. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado na ɗaukar kimanin kashi 37 cikin 100 na bambancin haɗarin da ke tsakanin mutane, kuma wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini ke da ciwon ya ninka wasu haɗari sau 2 zuwa 3. Amma babu wata ƙwayar halitta guda da za a nuna a ce ita ce. Ɗaruruwa ne, kowace da ɗan tasirinta kaɗan. Abin da ake gada sauƙin kamuwa ne, ba ciwon kansa ba, kuma wannan ya kamata masu binciken asali kafin aure su sani.

Kaso mafi girma yana wajen abin da rayuwa ta yi wa mutum. A shekarun 1970 wasu masana biyu, George Brown da Tirril Harris, sun bi rayuwar ɗaruruwan mata a unguwar Camberwell ta birnin Landan. Suka tarar yawancin waɗanda ciwon ya kama wani babban abu ne ya same su kafin nan, ko wata wahala mai daɗewa. Amma ba duk wadda abu ya sama ce ta kamu ba. Waɗanda suka fi kamuwa su ne marasa wanda za su buɗe wa ciki, da masu ƙananan yara da yawa a gida, da waɗanda suka rasa uwa tun suna ƙanana. Bincike na baya ya ƙara da cewa abin da ya haɗa rashi da wulaƙanci, ko ya sa mutum ya ji ba shi da mafita, ya fi saurin tayar da ciwon. Mai karatu zai iya kawo misalan da kansa: sakin wulaƙanci, gorin rashin haihuwa, yoyon fitsari da ƙyamar da ke biyo shi, auren da aka tilasta, bashin da ya hana magidanci bin layinsu da rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matan da mazansu ke duka ko cin zarafinsu sun kusa ninka sauran mata kamuwa. Duka da fyaɗe da rashin kulawa a ƙuruciya kuwa suna barin tabon da kan fito bayan shekaru da yawa.

Rikici ma haka. Wani ƙiyasi da hukumar ta fitar a 2019 ya ce a yankunan da ake yaƙi kusan mutum 1 cikin 5 na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, ciki har da ciwon damuwa. Wanda ya san sansanonin 'yan gudun hijira na Borno da Diffa, ko ƙauyukan Zamfara da Katsina da aka tasa, ko gidan da aka sayar da gona aka biya kuɗin fansa, ya san waɗanda lissafin ya shafa.

Sai jiki. Ciwon suga, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, sikila, ƙanjamau, tarin fuka, sankara, duk suna tafiya da ciwon damuwa, kuma kowanne yana ƙara wa ɗayan nauyi, domin mai ƙunci ba ya kula da shan maganinsa. Raunin halittar nan ta wuya da kumburinta ke kawo maƙoƙo yana iya kwaikwayon ciwon gaba ɗaya, haka ma ƙarancin jini, shi ya sa likita mai lura kan sa a yi gwaji kafin ya yanke hukunci. Wasu magunguna ma suna taɓa yanayin zuciya, musamman dangin sitiroyid, waɗanda wasu mata ke sha ba bisa ƙa'ida ba don su yi ƙiba. Giya da tiramol da kodin da wiwi kuwa ta fuska biyu suke: wani ƙunci ne ya kai shi gare su, wani su ne suka jefa shi a ƙunci, kuma bayan an daɗe ba a iya gane wanne ya riga.

Taƙaddamar sirotonin

Bayanin da ya fi yawo, har a bakin ma'aikatan lafiya, shi ne wani sinadari ne mai suna sirotonin ya yi ƙaranci a ƙwaƙwalwa. Asalin zancen daga shekarun 1950 ne, lokacin da aka lura wani maganin tarin fuka yana sa marasa lafiya walwala. Daga nan aka yi hasashen cewa tunda magungunan da ke ɗaga irin waɗannan sinadarai suna taimakawa, to ƙarancinsu ne ciwon. Bayan fitowar maganin damuwa mai suna Prozac a Amurka a ƙarshen shekarun 1980, tallan kamfanoni ya mai da hasashen kamar tabbas.

A 2022 Farfesa Joanna Moncrieff ta wata jami'a a Landan da abokan aikinta suka tattara binciken shekaru da dama, suka ce babu gamsasshiyar hujjar da ta nuna ƙarancin sirotonin ne ke kawo ciwon. Labarin ya zagaya duniya, wasu suka fahimce shi da cewa magungunan banza ne. Likitoci da dama suka mai da martani cewa sun daɗe da barin wancan sauƙaƙƙen bayani, wasu kuma suka soki yadda aka yi nazarin. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce wani nazari na 2018 da ya haɗa gwaje-gwaje 522 a kan magunguna 21 da mutum sama da 116,000, ya tarar kowannensu ya fi ƙwayar da ba magani a cikinta aiki. Masu suka suka ce ratar ba ta da yawa, kuma wannan ma gaskiya ne, musamman ga mai ciwo mara tsanani. Maganganun biyu ba sa karo da juna. Farasitamol na sauke ciwon kai, amma ba rashin farasitamol a jiki ne ke kawo ciwon kai ba. Yanzu bincike ya fi karkata ga yadda jiki ke sarrafa tashin hankali mai daɗewa, da sinadarin kotisol da jiki ke fitarwa lokacin tashin hankali, da kumburin cikin jiki, da yadda sassan ƙwaƙwalwa ke sadarwa. Ba ɗaya daga cikinsu da ya zama amsa ta ƙarshe.

Tawakkali, aljanu da "ciwon Turawa"

Masu cewa ciwon Turawa ne ba su san cewa Turawan ne suka fara faɗin haka ba. A 1953 wani likitan mulkin mallaka a Kenya, J. C. Carothers, ya rubuta cewa da wuya ɗan Afirka ya kamu da shi. Farfesa Thomas Adeoye Lambo na asibitin Aro da ke Abeokuta da abokan aikinsa suka shiga garuruwa da ƙauyukan Yarbawa a farkon shekarun 1960, suka tarar alamomin suna nan birjik. Ba a gan su a da ba ne saboda asibitocin lokacin masu tayar da hankalin jama'a kaɗai ake kai wa, mai shiru a ɗaki ba mai kawo shi.

Masu cewa rashin tawakkali ne suna da abin kamawa ta gefe guda: bincike da yawa ya nuna riƙo da addini da zama cikin jama'a suna rage haɗari kuma suna taimaka wa mai jinya. Inda maganar ke karyewa shi ne juya ta a ce duk wanda ya kamu imaninsa ne ya yi rauni. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Yakubu, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki. Kuma fiye da shekara 1000 da suka wuce malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya raba baƙin ciki gida biyu: mai sanannen dalili, wanda nasiha da gyaran tunani ke magancewa, da wanda ke faɗo wa mutum ba dalili, wanda ya danganta da jiki ya ce yana buƙatar magani. Akwai kuma wani abu da masu nasiha ba sa lura da shi. Ganin kai mai laifi alama ce ta ciwon, kasala a ibada ma haka. Idan aka ce wa irin wannan mutum imaninsa ne ya yi rauni, an tabbatar masa da abin da ciwon ke raɗa masa ne dare da rana.

Batun aljanu da sammu ba abu ne da likita zai iya aunawa ba, kuma yawancin likitocinmu ba sa hana addu'a ko ruƙiyya. Abin da suke kuka da shi uku ne: jinkirin watanni kafin a zo asibiti, umartar mara lafiya ya bar magani, da duka ko ɗauri da sunan fitar da iska.

Abin da wannan ke nufi ga mai ciwo da iyalinsa

Ciwon yana jin magani, amma fiye da kashi 75 cikin 100 na masu shi a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba sa samun kowace irin kulawa. A Najeriya likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200. A Arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano, sai sassan da ke asibitocin koyarwa. Ga mutumin ƙauye wannan na nufin kuɗin mota da na kwana, ga kuma tsoron a ce an gan shi a "asibitin mahaukata", wanda ke iya shafar aurensa ko na 'ya'yansa.

Saboda haka ne tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ke tura tsarin horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane ciwon su fara magance shi. A Zimbabwe likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, suna taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya. Gwajin da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Ga ciwo mai sauƙi, irin wannan tattaunawa mai tsari da motsa jiki da komawa harkoki a hankali su ake fara bayarwa, ba ƙwaya ba. Ga matsakaici da mai tsanani akan haɗa da magani irin su amitiriftilin da fuloksetin. Ba sa aiki nan take, sai an yi mako 2 zuwa 4 kafin a fara ganin canji, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an ji sauƙi. A nan mutane da yawa ke faɗuwa: wasu su bari a makon farko don ba su ga komai ba, wasu su bari da zarar sun warware, ciwon ya dawo. Ba sa bugarwa kamar tiramol, amma yanke su lokaci guda na kawo jiri da rashin barci da fargaba, don haka a hankali ake rage su. Matasa 'yan ƙasa da shekara 25 ana sa musu ido sosai a makonnin farko, domin a wasunsu tunanin cutar da kai kan ƙaru kafin sauƙi ya zo.

Mafi munin ƙarshen ciwon shi ne kisan kai, wanda ke cin rai sama da 700,000 a duniya kowace shekara. A Najeriya yunƙurinsa laifi ne a sashe na 231 na kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa da sashe na 327 na kundin Kudu, da hukuncin da ya kai ɗaurin shekara 1. Ghana ta soke irin wannan doka a 2023. Masu son Najeriya ta ci gaba da riƙe dokar suna ganin tana tsoratarwa. Likitoci suna cewa abin da take yi shi ne sa iyali su ɓoye wanda ya yi yunƙurin, su ƙi kai shi inda za a taimake shi.

Kalmomi irin su "gara in mutu in huta" ko "kun kusa hutawa da ni" daga bakin wanda ya daɗe cikin ƙunci ba a ɗaukar su wasa, haka ma idan ya fara rabar da kayansa ko neman yafiya ba gaira ba dalili. Bincike ya nuna tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta cusa masa tunanin, sau da yawa ma ita ke ba shi damar magana. Idan ya amsa da e, ba a barin sa shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi asibiti mafi kusa a ranar, ko da ba na ƙwaƙwalwa ba ne.